Kwanon da Ba a Wanke Ba

Sai da na aurar da 'ya'ya biyu kafin na shiga yaƙi da jahilci, saboda haka rubutu ba ya ba ni tsoro, na girme shi. Amma aikin autata ya fi ƙarfin bokona. Tana zaune a ɗakinta nan unguwarmu ta Hashimi, ta tasa kwamfuta a gaba, wai a Abuja take aiki. Maƙwabta na kokawar mota tun da safe, ita kuwa ko takalmi ba ta sawa.

Wata rana na ga ta ture ɗanwake ba ta taɓa ba. Na ce, “Ke, mutuwa aka yi?”

Ta ce, “Umma, aikina ne zai mutu.”

Na ja kujera 'yar tsugunno, na ce ta yi mini bayani da Hausa, ban da iyayi. Ashe manhajar da suke haɗawa ta masu sayen magani ce ta waya. Ba su da injin kansu, haya suke kamawa a wasu injina da ke warwatse gari-gari, kusa da masu wayar. Wani ɓangaren aikin kuma na aro ne, kamar turmin unguwa, kowa ya ɗauka ya yi daka. Ita ce ta zaɓo shi, ita ce kuma ta gano aibinsa.

“Duk wanda ya shigo, injin zai ara masa kwano ya zuba bayanansa. In ya gama, sai a miƙa wa na baya kwanon ba wanki. Mai wayo zai iya tarar da ragowar wani, sunansa da ciwon da yake ɓoyewa.”

Na ce, “Ƙazantar banza! To ku wanke mana.”

“Oga ya ce a fara buɗe wa jama'a, gyara ya biyo baya. In asiri ya tonu kuwa, ni za a kora.”

Da hantsi suka shiga taro ta kwamfuta. Ina shanya ina jiyo muryarta can ƙasa-ƙasa, kamar mai roƙon gishiri. Raina ya ɓaci. Na yafa mayafi na faɗa ɗakin. Fuskoki ne reras a gilashin kwamfutar, kowa cikin ɗan akwatinsa. Na duba na zaɓi mai furfura da sanƙo, don a saninmu babba shi ne babba. Na nuna shi da yatsa.

“Kai, dattijo! Da girmanka za ka ciyar da mutane a kwanon da wani ya lashe? A gidanku haka aka koya maka?”

Auta tana ta jan zanena, “Umma, don Allah, Umma!”

Dattijon ya gyara tabarau, ya amsa da Hausarsa ta mutanen kudu, ashe a nan kusa da mu, unguwar Chaza, ya taɓa zaman haya. “Mama, sannu. Ni ma tun safe shi nake faɗa, ba su ji. Oga yana ƙasa, wancan mai jan riga.”

Na sunkuya na duba. Wani ɗan saurayi ne da bai kai ɗana na biyu ba, yana tauna cingam. Cingam ɗin ya tsaya cak. Na riga na ƙarar da faɗan a kan bawan Allah, ba ni da saura, sai kawai na ce, “Kai ma ka ji.”

Dariya ta ɓarke a akwatunan nan gaba ɗaya. Cikin dariyar auta ta samu baki. Ta ɗaga murya, ta buɗe musu wani abu a gilashin, ta janyo ragowar wani kwano a gaban idonsu, sunan gwaji da maganin basir. Mai jar riga ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a ɗage buɗewar sai ta gyara.

Aikinta na nan. Shi kuwa dattijon, sai na sa auta ta kai masa dambun nama na ban haƙuri. Ya aiko da godiya, ya ce a taro na gaba in fara tambayar wane ne oga.