Malam Hayatu da Ajinsa na Gonar Alkama

Duk wanda ya saba bin hanyar Talata Mafara zuwa Bakura da sassafe ya san keken Malam Hayatu tun kafin ya hango mai shi, domin kuka yake yi kamar ƙofar langa-langa. Yana idar da sallar asuba zai sha kununsa, ya cusa alli a aljihun gaba, ya ɗaure littattafai a bayan keke da tsohuwar roba, ya kama hanyar Tungar Bawa. Tafiyar rabin awa ce, amma shi sai ya ci awa guda, don ba ya wuce mutum bai tambaye shi gida da iyali da gajiya ba. Mutumin Maradun ne. Gidan da aka haife shi yana ƙarƙashin ruwan dam ɗin Bakolori yanzu, in ka yi masa jaje kuwa sai ya ce ai kifaye sun dace da ɗaki mai kyau. A makon jiya ya ajiye aiki, bayan shekara goma sha biyu yana koyar da Turanci a wannan ƙauye.

Darasin da yara suka fi saninsa da shi shi ne na wakilin suna, wato ƙananan kalmomin nan da ake sawa a madadin sunan mutum ko na abu. Da matarsa yake farawa. "Shekara ashirin da biyat muna tare da Batulu," in ji shi, "ba ta taɓa hwaɗin sunana ba. Shi ya hita, shi ya komo, wancan na kiranku. To, Turawa ma suna da irin nasu, kashi-kashi." Kafin dariya ta lafa ya jera su a allo: na mai magana da wanda ake yi wa da wanda ba ya nan, na mallaka, na nuni, na tambaya, da na wanda ya yi wa kansa abu.

Sai shekarar da aka fara sako wa Tunga ruwan kanal, mutane suka shuka alkama da rani. Alkama ta yi kai, tsuntsun jan-baki ya sauko kamar hadari, iyaye suka kwashe yaransu zuwa korar tsuntsu. Aji mai mutum talatin da huɗu ya koma biyar. Ana cikin haka takarda ta zo daga ofishin ilimi: duk makarantar da aka tarar ba ɗalibai za a rufe ta, a haɗe ta da ta Bakura. Mil bakwai ne. Malam ya san ko an samu maza biyu ko uku da za su jure, babu uban da zai bar 'yarsa ta yi wannan tafiya kullum. Ga jarrabawar shiga sakandare saura mako shida. Hankalinsa ya tashi ƙwarai.

Ya tafi wurin mai gari Gidaɗo. Bayan sun gaisa har gaisuwa ta ƙare, Gidaɗo ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ba ƙin boko munka yi ba. Wagga alkama ita ɗai muka da. In ɗiya sunka zauna aji, tsuntsu na cinye ta."

"Ranka shi daɗe, in suna korar tsuntsun, mi suka hwaɗi?"

"Mi za su hwaɗi? Ihu dai."

"To, a bar maku ɗiyan, ni a ba ni ihun."

Washegari ya raba gonaki kamar yadda yake raba allo. Yaran gefen gabas ya ba su I, you, he, she, we, they. Na bakin kanal suka samu mine, yours, ours, theirs. Na kusa da hanya aka bar musu this, that, these, those, na can ƙurya kuma who, what, which. Shi yana bin gaɓar ruwa a keke yana ɗaga murya da Hausa, su suna jan igiyar gwangwanaye suna amsa masa da Turanci iya ƙarfinsu. Tsuntsu dai bai damu da yaren da aka kore shi ba, tashi yake yi. In rana ta take, jan-baki ya shige itatuwa, sai a taru a gindin tsamiya, a jingina allo a jikin keke, a saka kalmomin cikin jimla har azahar. Bayan kwana uku a sauya wa kowa gefe. Kafin mako biyu, tsoho Gajere mai jaki, wanda bai taɓa taka ƙofar aji ba, ya fara dafa jakinsa a kasuwa yana cewa "mine", kuma ba wanda ya isa ya gyara masa.

Ranar wata Laraba mai duba makarantu, Malam Ɗantala, ya iso a babur ba sanarwa. Ya tarar da kwaɗo a ƙofar aji da akuya kwance a baranda. Har ya zaro biro, sai ya ji gona tana amsa kuwwa da Turanci. Ya bi sawun muryar. Ya tsayar da wata yarinya, Larai, da majajjawa a hannu, ya jefa mata tambaya goma, ta amsa tara, ta goman ma tsuntsu ne ya sauka ta ruga. Ya gwada wasu shida, bai samu inda zai kama su ba.

Ya ja Malam gefe. "Hayatu, na ga aiki. Amma takardata abu biyu ta sani. In na rubuta ɗiya ba su zuwa, an ruhe makaranta. In na rubuta kai ka hid da su daga aji ba izini, makaranta ta tsira, kai kuwa takardar gargaɗi ta shiga hwayil naka. Ka san sunanka na cikin waɗanda za a ba hedimasta a Mafara."

Ya sani mana. Ya daɗe yana son kujerar nan, ba ya ɓoyewa. Gwiwoyinsa sun gaji da keke, Batulu har ta kai shadda wajen tela. Ya kalli gona, sannan ya ce, "Rubuta ni na hid da su. Ai gaskiya ce ma."

Makaranta ta tsaya. An girbe alkama lafiya, yara tara suka ci jarrabawa, huɗu mata. Hedimasta kuwa aka ba wani. Malam ya ci gaba da tuƙa kekensa shekara biyar, bai gaya wa kowa dalili ba, ko a gida cewa ya yi ba rabo. Sai a walimar ajiye aikinsa ta makon jiya Malam Ɗantala ya miƙe gaban jama'a ya fasa ƙwai. Mai gari Gidaɗo, da tsufansa da rawaninsa, ya kasa riƙe hawaye.

Malam Hayatu, kai ne ka ga yara ba za su zo aji ba, ka ɗauki ajin ka kai musu. Kai ne aka ajiye wa kujera da makaranta, ka bar kujerar ba tare da ka nemi ko sannu ba. Gwanin alli, mun ji kunya da muka yi shekara biyar ba mu sani ba, kuma mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ba gwiwoyin nan hutu. Malaman da ke zaune a aji suna ƙorafin yara ba su zo ba, su leƙa waje su ga inda yaran suke.

Da aka matsa wa Malam Hayatu ya yi jawabi a walimar, ya miƙe yana ta gyaran hula don kunya. Mai gari ya ce ya faɗi duk abin da yake so Tunga ta yi masa.

"Ranka shi daɗe," in ji Malam, "sabon malami na zuwa ran Litinin. A turo mai ɗiyan, har matan."