Sunan da 'Yar'azumi Ba Ta Faɗa

'Yar'azumi ta shiga makarantar koyon aikin jinya tana da aure da ɗa ɗaya. Wanda ya tsaya mata shi ne surukinta, Malam Yunusa, tsohon masunci da ya bar ruwa ya koma gyaran taru a gindin tsamiya. Da dangi suka ce karatun zai fi ƙarfinta, cewa ya yi a bar yarinya ta gwada.

Shekarar farko ta littafi ce. Sunayen ƙashi da jijiya suka ƙi zama a kanta, sai ta koma haddarsu tana gyaran tarwada, tana kiran kowace gaɓa da Turanci, har uwar mijinta ta ɗauka wata sabuwar addu'a ce ta riƙa cewa amin. A ta biyu aka kai su ɗakin marasa lafiya. Jini bai ba ta tsoro ba, tsayuwa ce ta kumbura mata ƙafa. Da damina ruwa ya ci hanyar ƙauyensu, ta tare gidan gwaggonta a cikin Haɗejiya, sai dai a aiko mata da labarin ɗanta ta bakin masu kwale-kwale. Duk wannan ta shanye.

Abin da ya kusa kayar da ita a shekara ta uku ba ya cikin littafi. Ƙa'idar aiki ce kafin a ba mara lafiya magani a kira cikakken sunansa da baki. Ita kuwa tun da aka kai ta gidan miji sunan surukinta bai taɓa fita daga bakinta ba. Ƙasar Haɗejiya kuma ba ta rasa Yunusa. Duk wanda aka kwantar mai wannan suna sai ta ce “Baba na gadon taga”, ko ta tura ƙawarta Kamila.

Sista Zainaba, mai duba aikin ɗalibai, ta gano ta.

“Ran da aka sauya wa Baban taga gado fa? Maganin wani za ki ba wani. Ranar gwaji in ba ki kira suna ba, kin maimaita shekara.”

Maimaicin bai dame ta kamar yadda za ta koma ta wuce ta gaban tsamiyar nan ba.

Ranar gwaji aka miƙa mata katin wani dattijo daga garin Malam Madori. Yunusa Umara. Har yau Kamila na rantsuwa Sista ce ta zaɓo shi da gangan.

'Yar'azumi ta yi dabara. “Baba, yaya sunanka?”

Ya faɗa.

“Da kyau,” in ji Sista. “Yanzu ke maimaita.”

Ta tsaya da ƙwayar magani a hannu, idonta a ƙasa. Dattijon ya dube ta ya gane.

“Sunan maigidan ne, 'yata?”

“Na mahaifinsa ne, Baba.”

“To ai wannan nawa ne, ba nasa ba. Tun kafin a haife ki nake amfani da shi. Na ara miki, faɗi ki ba ni maganina.”

Ta faɗa. A hankali ne, amma Sista ta ji, na gadon kusa ma ya ji. Dattijon ya amsa da na'am mai ƙarfi kamar an kira shi cin tuwo.

Ta ci gwajin. Kamila ba ta iya riƙe magana, don haka labarin ya riga ta isa ƙauye. Da ta durƙusa daga nesa tana gaida surukinta, bai ɗago daga tarunsa ba. Ya yi mata barka, ya sa albarka, sannan ya juya wajen ɗansa.

“Ashe duk shekarun nan ta san sunan nawa. Ni na ɗauka ba a gaya mata ba ne.”