Madam Angèle, Mai Igiya da Turaku

Ƙarfe bakwai na safe Madam Angèle ke jingine babur ɗinta a gindin itacen bedi, ta kwance jakar alli da igiyoyi biyu. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana koyar da lissafi, ashirin daga ciki a wani kolej na karkara bayan Kiéché. Bana take ajiye aiki.

Waɗanda suka zauna ajinta ba sa manta shekarar da iskar farkon damina ta kwashe rumfar karan da suke karatu, saura mako uku a yi jarrabawar burbe ta gama kolej. Darakta ya ce yara su koma gida.

"Mushe, ba inda za su," in ji Madam, don haka ake kiran malami namiji a can. "Ƙasa ba allo ba ce?"

Ta kafa turaku a fili, ta ja igiya biyu suka gitta juna. A nan ta koya musu darasin da ke kayar da ɗalibai: yadda ake samo layin da ya sari wani a tsaye cak.

Akwai Hidaya, wadda ta faɗi jarrabawar a shekarar da ta gabaci wannan, kuma in ta sake faɗuwa karatunta ya ƙare. Ta zauna tana kuka.

"Madam, kaina ba ya ɗauka."

"Tashi, ɗiyata. Gangarar wannan layi nawa ce?"

"Biyu."

"Kife ta."

"Rabi."

"Sauya alamarta, ki sa mata ragi. To, ina layinki ya taɓa igiyar tsaye?"

Hidaya ta taka, ta ƙirga, ta ce a kan uku. Ta rubuta amsar da yatsa cikin rairayi. Sau goma sha ɗaya Madam ta sa ta maimaita, kwana uku a jere, cikin rana. Hidaya ta ci burbe. Yau ita ke awon filaye a Dogon Dutsi.

Madam, ke ce ba ki taɓa ce wa yaro daƙiƙi ba. Sau biyu aka ba ki canji zuwa birni, kika ce waɗannan ma ɗiyan mutane ne. Ran Lahadi kina coci, ran Litinin kina gaban ɗiyan Musulmi, ba wanda ya ga bambanci.

Mun gode, uwar masu lissafi. Allah ya ba ki hutu da lafiya. Ku kuma sababbin malamai da aka turo ƙauye kuna neman hanyar gudu, ku je ku gaishe ta tukuna, ku tambaye ta yadda ake zama.