Ƙuli-ƙulin Inna da Kuɗin Esansi

Ɗazu ɗan kabu-kabu ya kawo mini saƙo, ya ce sai na ƙara masa wani abu, wai esansi, wato man mota, ya hau. Na yi ta dariya, yana kallona.

Innata na tuna. A shekarun 1970, da esansi ya yi tsada, na raka ta tashar Dantchiao. Duk mako takan aika wa yayana ƙullin ƙuli-ƙuli Magariya, inda yake lakwal, wato makarantar boko. Da shi yake kashe yunwa.

Ilu direba ya jinjina ƙullin, ya ɓata fuska. "Inna, yau sai kin ƙara kuɗi. Nauyi ke shan mai."

Inna ta riƙe ƙugu. "Wane nauyi, Ilu? Ƙulin da kake cinye rabinsa kafin ka isa? Ai ni ya kamata ka rage wa kuɗi!"

Tasha ta kwashe da dariya. Ilu ya sosa ƙeya, ya ɗauki saƙon kyauta.

Tun daga ranar ƙulli biyu take yi. Ta miƙa masa ƙaramin ta ce, "Ga esansinka, ka bar wa ɗana nasa."

Allah ya jiƙansu. Ku fa, wane direba ya taɓa rage wa saƙonku nauyi?