Ramin Bayan Kicin

Ko yau, in na bi ta wani lungu a unguwar Badariya, nan Birnin Kebbi, na ji ƙamshin shinkafar da ake turarawa, sai na rage tafiya. In kai ɗan wannan kwari ne ka san ƙamshin da nake nufi, na shanshera, shinkafar da ba a surfe ba, da ta kwana a ruwa aka ɗora ta bisa wuta, mai ɗan tsami, mai kama hanci kamar ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Cikin wannan ƙamshi na girma, a gidan kakata ta wajen uba, a Argungu.

Tun da aka yaye ni aka kai ni wurinta. Iyayena suna Birnin Kebbi, inda babana yake aikin dafa abinci a wata makarantar kwana. Zamanin duk muna ƙarƙashin jihar Sakkwato ne. Sana'ar Kaka gumi: ta sayi shanshera a hannun manoman fadama, ta jiƙa, ta turara, ta shanya, ta surfe, ta kai kasuwa.

A gidan nan ban taɓa ganin an jefar da wani abu da ya fito daga jikin shinkafa ba. Buntu shi ne makamashinmu. Dusa ta awaki ce. Tsakin da faifai ya ware, da shi ake dama mana kunu. Ruwan da aka wanke shinkafa ana juye shi a gindin wata bishiyar lemun tsami da ke bayan ɗaki. In tuwo ya kwana ya zama ɗumame, in ɗumamen ma ya yi saura sai ta gutsuttsura shi ta shanya bisa tabarma har ya bushe ƙarau, ta zuba a wani tsohon tulu. Bayan an kwashe shanya kuwa, sai ta duƙa ta bi tsakar gida tana tsince ƙwaya ɗaya-ɗaya da yatsu biyu. Ba zan ɓoye maka ba, wannan tsintar tana ba ni kunya, musamman in ƙawayena sun shigo. Ina ganin kamar rowa ce irin ta tsofaffi.

Ina da shekara tara ko goma mahaifiyata ta haifi ƙanena. Bayan girbi ne, fadama ta yi fayau, sai karan shinkafa da shanun da ke kiwo a ciki. Muka hau mota ni da Kaka muka tafi Birnin Kebbi, saura kwana huɗu suna.

Babana yana ji da aikinsa ƙwarai. Washegarin zuwanmu ya ce sai mahaifiyarsa ta ga inda yake aiki. Ya sa farar rigarsa da farar hula, ya shiga gaba muna biye. Ya nuna mana tukwanen da mutum zai iya zama a ciki, da buhunan shinkafa da wake jere har kusa da rufi, da gwangwanayen mai. Lokacin gwamnati na da wadata, abincin ɗalibai ba ya yankewa. Kaka tana ta sa albarka, fuskarta cike da murna.

Muna shirin fita sai ga ma'aikata biyu sun ɗauko rabin duro, sun rataya shi a sanda, suna nishi. Suka zaga bayan kicin. Ban san abin da ya sa Kaka ta bi su ba, ni ma na bi ta. Akwai wani rami a wurin, mai faɗi, ungulaye sun kewaye shi. Mutanen suka karkata duron suka juye. Shinkafa da wake ne, da mai a jiki, tururi na tashi. Ƙarƙashinsa na jiya ne da na shekaranjiya, ya yi baƙi, ƙudaje sun rufe shi.

Kaka ta tsuguna a bakin ramin, ta miƙa hannu ta ɗebo na sama, ta sansana. Ta daɗe tana kallon abin da ke tafin hannunta. Babana ya iso yana bayani: ana dafawa ne bisa yawan sunayen da ke takarda, ɗalibai da dama kuwa ba sa zuwa ci, wasu suna gida ba lafiya, wasu sun fi son abin da suka zo da shi, doka kuma ta hana a fita da abincin makaranta ta ƙofa. Ya ce na gwamnati ne, ba na kowa ba. Ta kai abin da ta ɗebo bakinta ta cinye, ta suɗe yatsunta, ta miƙe muka koma gida.

Da maraice mahaifiyata ta sa aka kai mata tuwo da miyar kifi. Ta yi godiya, ta ture kwanon gabana. Ta kwance wani ƙulli a cikin kayanta, ashe ta taho da busasshen tuwonta daga Argungu. Ta jiƙa shi a ruwa, ta ci. Haka ta yi washegari, haka ta yi kwana na uku. Ba ta yi fushi da kowa ba, tana ɗaukar jariri, tana hira da masu zuwa barka, amma ko ruwan kokon gidan ba ta kurɓa ba.

Gidan ya yi nauyi. Mahaifiyata tana ɗaki tana kuka a ɓoye, tana zaton ita ta yi laifi. Dangi sun fara isowa, kowa kuma ya san abin da ake faɗa a kan ɗan da uwarsa ta ƙi cin abincin gidansa. Ana gobe suna, bayan la'asar, babana ya cire takalmi a ƙofar ɗakin da muka sauka, ya durƙusa. Ina zaune a gefe, ba wanda ya ce in fita.

Ya ce, "Inna, mi na yi?"

Ta ce, "Ba ni cin abin da hannun da ka zubda hatsi rami ya kawo."

Ya ce ba shi ne babba a wurin ba, akwai na gaba da shi, in ya ɗaga murya yana iya rasa aikin, ga iyali ga sabon jariri. Ta saurare shi har ya gama.

"Ban ce ka bar aiki ba," in ji ta. "Mudu na hannunka. Ka auna."

Aka yi suna, aka yanka rago, ba ta taɓa naman ba. Kwana biyu bayan haka muka kama hanyar Argungu.

A cikin motar ne na kasa haƙuri. Na ce mata ta kunyata babana a gaban mutane saboda abincin da ba ma nasa ba. Na zaci za ta tsawata mini. Muna wuce gonakin albasa sai ta fara magana a hankali, idonta na waje.

Ta ce tun kafin a haifi babana, tana amarya a wani ƙauye wajen Augie, an yi shekara biyu damina ba ta yi ba. Rumbuna suka ƙare, aka cinye iri, aka koma ganyaye. Mata sukan fita da sassafe da fartanya su tona gidan tururuwa, su kwashe ɗan hatsin da tururuwa ta tara, su sheƙe ƙasar, su dama. Ta ce tana da ɗiya a lokacin, 'yar fari, ta fara tafiya. Nononta ya ƙafe. Wata rana ta yini tana tono ta samo abin da bai cika tafin hannu ba, ta dawo da gudu ta dama, amma yarinyar ta riga ta wuce haɗiya. Ta ce ita ta shanye kunun bayan an dawo daga binnewa, don ba ta iya zubarwa, kuma ba ta taɓa yafe wa kanta daɗin da ta ji a maƙogwaronta ba.

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya.

Abin da ya faru a Birnin Kebbi daga baya na ji shi a bakin mahaifiyata. Babana ya je wurin shugabar kicin, wata Kirista ce daga can tsakiyar ƙasa da ta daɗe da zama a garin. Ashe ita ma abin yana ci mata rai, ta ce ko kallon bayan kicin ba ta iya yi. Su biyu suka fara tsayawa a ƙofar ɗakin cin abinci suna lura da yawan masu shigowa, suna rage awo kaɗan-kaɗan. Ba kowa ya so ba. Aka kai ƙara cewa suna ƙwarar ɗalibai, har aka ba babana takardar gargaɗi, aka yi maganar mayar da shi wani gari. Matar nan ce ta tsaya, ta ja shugaban makaranta da kanta ta kai shi bakin ramin da tsakar rana. Daga nan aka yarda a riƙa auna abinci da yawan masu ci, abin da ya saura a raba wa ma'aikata da matan unguwa da ke zuwa da kwanoninsu, ƙanzo kuma a shanya bisa kwanon rufi a ba masu kiwo.

Wajen wata biyar aka ɗauka. Ruwa ya fara sauka sa'ad da babana ya zo Argungu, ɗauke da burodi da ƙullin kifi. Kaka ta karɓi gaisuwarsa, ta sa na dafa kifin. Da na ajiye kwano a tsakaninsu sai ta dube shi.

"An cike ramin?"

"An cike, Inna."

Ta jawo ƙwaryar ruwa ta wanke hannu, ta yi bisimilla.

Yanzu ni ma na yi jikoki. Injina sun karɓe surfe, buntu tsibi-tsibi ake cinna masa wuta a bayan gari. In aka yi biki, da safe sai ka ga robobin abinci a kwata, wasu ko buɗe su ba a yi ba. Ni kaina ba na cewa hannuna tsarkakakke ne. Sau nawa wuta ta ɗauke miya ta lalace mini a firji don na dafa fiye da bukata. Amma ina aunawa, kuma na koya wa 'ya'yana su tambayi baki nawa ne kafin su ɗora tukunya.

Bara na ba jikata labarin nan duka, har da abin da na ji a mota. Da na gama sai ta tambaye ni yadda sunan yarinyar yake. Na buɗe baki in faɗa, sai na tarar ban sani ba. 'Yar fari ce, Kaka ba ta kama sunanta saboda alkunya, ni kuma ban yi wayon tambayar wani ba. Babana ya rasu, tsararrakinsa duk sun tafi. Na yi ta lissafa wanda zan tambaya, daga Birnin Kebbi har Augie, ban sami ko mutum ɗaya ba.