Zuwa Bayan Dass da Motar da Ba Ta Shan Fetur

Ana idar da sallar asuba ranar Asabar ɗin da ta wuce na fito daga gidana a Wunti, na tari keke mai ƙafa uku zuwa Gwallameji. Ku 'yan ajinmu na yaƙi da jahilci da kuka yi ta tambayar me ya hana ni zuwa karatu ran nan, ga inda na tafi, ga kuma abin da ya faru.

Wata dattijuwa ce da ta yi ritaya daga aikin gwamnati, ɗanta ya aiko mata da mota daga Turai, tana neman direba. Kowa Mama yake ce mata, ni ma na bi sahu. Maƙwabcina tela, wanda yake yi mata ɗinki, shi ya kai sunana. Ta ce ba ta ɗaukar direba sai ta ga tuƙinsa da idonta. In kai ta ƙauyensu da ke bayan Dass ta gaida yayarta, in dawo da ita gida, sannan ta yanke shawara. Na yi shekara ashirin da wani abu ina jan tasi, da tasin ta mutu na koma keke, keken ma na wani ne. Yanzu ina da hamsin da huɗu, bayana ya fara ƙin gargadar keke. Ina son aikin nan ƙwarai da gaske.

Mu uku za mu tafi: Mama, da ƙaninta, da ni. Ƙanin dogon mutum ne mai son zolaya, kuma tun a ƙofar gida na gane yana da nasa direban da yake so a ɗauka. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Dattijo, ka iya wannan kuwa? Ba keke ba ce fa, ƙafarta huɗu."

Na ce, "Yallaɓai, na ƙirga su tun da na shigo."

Motar kuwa abin kallo ce. Ba ta kai jif girma ba, amma ta fi ƙananan motoci tashi daga ƙasa, kamar wanda ya naɗe wandonsa zai tsallake ruwa. Jikinta launin zoɓo ne mai duhu, rufinta baƙi. Fitilun gaba sirara ne, sun ja baya kamar idon kyanwa tana jin barci, an kuma kewaye gurbin tayoyin da baƙar roba mai kauri. A ciki kujerar direba tana sama, kana ganin titi sosai. Giyarta shida ce, ta hannu. Abin da ban so ba shi ne gilashin baya, ƙarami ne, sai dai in ka sa ribas wani ɗan allo yana nuna maka abin da ke bayanka. Babban abin da Mama ta faɗa mini, har sau biyu, shi ne motar dizal take sha, ba fetur ba. Na ce na ji.

Da na tayar da ita ta yi ƙara kar-kar-kar kamar ƙaramin injin niƙa, amma ana rufe ƙofa ƙarar ta koma can nesa. Muka fita ta cikin sababbin gidajen Gwallameji, inda ruwan saman da aka yi cikin dare ya bar kududdufai a kowane layi. Ban ma taɓa totur sosai ba, ina ɗaga ƙafa daga kulochi take tafiya da kanta. Ƙanin Mama yana baya, gwiwoyinsa sun tokare kujerata, yana ƙorafin wai Turawa ba su yi motar don masu tsawo ba.

Mai ya yi ƙasa, don haka muka tsaya a wani gidan mai da ke bakin gari a kan hanyar Dass. A tsallaken titi wata mata tana suyar masa. Mama ta ce a cika tanki, ita da ƙaninta suka tsallaka sayen masa.

To a nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Kun san yadda gidajen manmu suke. Famfon fetur yana gaba, nan ƙananan motoci da keke da acaɓa suke layi. Famfon dizal yana can gefe, wurin tireloli da masu jarkokin janareta. Shekara fiye da ashirin hannuna bai san wata hanya ba sai ta famfon gaba. Ban yi tunani ba, hannun ya kai ni can. Na kashe mota, na buɗe murfin tanki, na ce wa mai zuba mai, "Cika ta." Shi ma bai taɓa ganin ƙaramar mota mai shan dizal ba, ya cusa bakin famfo ya danna. Na zagaya ina duba iskar tayoyi. Sai da na dawo ta wajensa warin fetur ya bugi hancina. Na ce ya tsaya. Kafin nan lita goma sha wani abu ta riga ta shige.

Mai zuba man magidanci ne kamar ni. Ya dubi tsallaken titi, ya ga su Mama sun ba mu baya, ya rage murya ya ce, "Baba, ba wanda ya gani. Ka matsa da ita can mu cika da dizal a kai, zai gauraye. Da ni da kai duk mu tsira da aikinmu."

Ba zan ɓoye muku ba, na tsaya na yi tunanin maganarsa. Wataƙila motar ta kai mu ta dawo da mu lafiya, a ba ni aiki, sai bayan sati biyu injin ya fara ciwo, a ce ai dama motar Turai ba ta son man ƙasarmu. Amma na sha ji a tasha cewa fetur a injin dizal yana cinye famfon da ke tura mai, kuma gyaran irin wannan mota ba a nan kusa ba. Na cire makulli na sa a aljihu, na tsallaka titi.

Na ce, "Mama, na yi kuskure. Ni na kai motar famfon fetur, an zuba mata. Ban tayar da ita ba, kuma ba za a tayar ba sai an juye tankin."

Ƙaninta ya yi dariya har masa ta kusa sarƙe shi. Ya ce, "Ba mu bar gari ba ma. Yaya, in kira wancan yaron nawa? Minti ashirin yana nan."

Mama ta juyo gare ni. Ta ce, "Awa nawa zai ɗauka?"

Na ce, "Ban sani ba, Mama. Kamar biyu ko uku."

Ta ce, "Je ka nemo makanike."

Tunda ban yarda a murɗa makulli ba, sitiyari yana kulle, mota ba ta zuwa ko'ina sai miƙe. Allah ya taimake mu akwai bishiyar dogon yaro a daidai gabanta, mu huɗu muka tura ta ƙarƙashin inuwar. Makaniken da na samo ya fara cusa tiyo ta bakin tanki, tiyon ya ƙi shiga, ashe an yi wa wuyan wani ƙyaure a ciki. Ya ce a ɗan tayar da ita ya ji. Na ce a'a. Ƙanin Mama ma ya ce rana tana yi, a gwada kawai. Na ce su yi haƙuri. Daga ƙarshe makaniken ya ɗage kujerar baya, ya kwance murfin da ke saman tankin, ya zuƙe man duka a jarkoki har ya goge ƙasan da tsumma. Muka sayo dizal a jarka muka zuba. Kafin a rufe, na ari alƙalamin maka mai kaurin rubutu daga ofishin gidan man, na rubuta DIZAL KAWAI da manyan baƙaƙe a cikin ƙyauren waje da ke rufe bakin tankin. Layin ya ɗan karkace, amma yana karantuwa.

Ƙarfe goma ta wuce muka kama hanya. Masar ta huce, amma masar Bauchi ko ta huce ba ta ba da kunya, Mama ta miƙo mini guda huɗu a takarda da yajin ƙuli-ƙuli.

A kan kwalta ne motar ta nuna halinta. A giya ta shida injin yana yin shiru kamar yana hutawa, alhali kana gudu. In ka zo wuce tirela ba sai ka sauko giya biyu kana addu'a ba, kamar yadda na saba a tasi. Ka ɗan taka kawai, za ka ji ta ɗan yi jinkiri kamar mai jan numfashi, sannan ta tura bayanka jikin kujera. A kwana ba ta kwanciya gefe duk da tsayinta. Aibinta ɗaya, ƙafarta tana da tauri, kowane rami sai ta gaya maka, kuma na baya ya fi jin labarin. Duk ramin da na kauce wa ƙanin Mama ba ya cewa komai, wanda na faɗa kuwa sai ya ce, "Na ƙirga, dattijo."

Damina ta yi kyau a wannan yanki. Masara ta fi mutum tsawo, shinkafa ta yi kore shar a fadamu, duwatsun Dass suna gabanmu gajimare ya sauka a kafaɗarsu. Mata sun jera sabuwar gyaɗa da gasasshiyar masara da yalo a bakin hanya. Kwanon gyaɗar da muka saya bai kai kuɗin da ake sayar da shi a kasuwar Wunti ba, kuma mai sayarwar ta ƙara mana gyara da hannu biyu. A wani shingen jami'an tsaro, wanda ya tsayar da mu bai ko tambayi takarda ba, zagaya motar ya yi yana tambayar sunanta. Da ya ji dizal take sha ya ce shi bai taɓa gani ba. Na ce a raina, ba kai kaɗai ba ne.

Bayan Dass muka sauka daga kwalta muka kama hanyar ƙasa. Nan ne tsayin motar ya yi amfani, don akwai wuraren da tsohuwar tasina da ta bar salansarta. Muka iso wani rafi da ya ratsa hanya, bayansa kuma hawa ne mai jar laka. Na tsaya, na fita, na jira har wani mai acaɓa ya zo ya tsallake, na ga iyakar inda ruwan ya kama tayarsa. Na shiga a hankali. A hawan, ƙanin Mama yana ta cewa, "Taka ta, taka ta." Ban taka ba. Tayoyin gaba ne kawai suke jan wannan mota, in ka ba ta wuta da yawa a laka juyawa za su yi a wuri ɗaya. Na sa giya ta biyu, na bar injin yana ja da ƙarfinsa na ƙasa. Ta ɗan zame sau ɗaya, ta kama, ta hau kamar saniyar huɗa. Da muka kai sama na ga Mama ta saki ƙarfen da take riƙe da shi a saman ƙofa.

Yayar Mama tsohuwa ce ƙwarai, idonta ya yi rauni. Ta fito da sanda ta shafa jikin motar tun daga gaba har baya, ta ce santsinta kamar tangaran. Aka ba mu gwaten acca mai zafi da ganye da gyaɗa. Da azahar ta yi, ba tare da na tambaya ba wata mata ta kawo mini ruwa a buta da tabarma mai tsabta, ta nuna mini gabas. Saboda latti da na jawo, Mama ba ta samu zama da yayarta yadda ta so ba. Ƙarfe uku muka loda buhun masara da kaji biyu a but ɗin baya, da kyar ya rufu, muka juyo.

A dawowa hadari ya biyo mu har kusa da gari, amma bai sauka ba. Na dubi allurar mai, duk tafiyar nan da kyar ta motsa. Dizal ya fi fetur tsada a famfo, sai dai motar tana shansa kamar mai shan magani. Ƙanin Mama ya yi barci, kajin suna ta surutu a bayansa.

Mun shiga Gwallameji kafin magariba. Na ajiye motar, na bar injin ya ɗan huce kafin na kashe, na sauke kaya. Sannan na miƙa wa Mama makulli da hannu biyu na ce ta yafe mini ɓata mata rana da na yi. Na riga na shirya wa zuciyata komawa keke.

Ƙaninta ya ce, "To Yaya, gobe in turo wancan?"

Mama ta ce, "Wancan naka, da shi aka yi wa haka da safe, da zai tsallako titi ya gaya mini?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Gaskiya da sai dai mu ji a hanya."

Ta juyo gare ni ta ce, "Malam, Litinin ƙarfe bakwai. Ranakun makarantarka kuma ka tashi ƙarfe huɗu, kar ka fasa zuwa."

Abin da na koya a tafiyar nan bai da yawa. Ban taɓa jin tsoron abin da ban iya ba, don shi ina tambaya. Abin da na iya har ba na tunani a kansa, shi ya kusa kashe motar mutane. Na kuma ga cewa tsallaka titin nan zuwa wurin mai masa ya fi rafin da hawan laka wuya, amma shi ya ba ni aikin. Yau kwanana huɗu ina tuƙa Mama. Jiya muka je shan mai, na wuce layin ƙananan motoci na tsaya a bayan wata tirela, direbanta yana leƙowa yana yi mini hannu wai na ɓata hanya.