Faifan da na hana abokina

Shekarun baya, lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci a Bosso, nan Minna, ina da furfura a gemu, ajinmu ya samu kyautar tsofaffin kwamfutoci. Nauyi ya yi musu yawa, in ka kunna ɗaya sai ka je ka yi alwala ka dawo ba ta farka ba.

Malamarmu 'yar Kudancin Kaduna ce, a ɗakin kwamfuta na jami'a take aiki, da yamma ta zo ta koyar da mu. Ita ta zo da wani faifai, ta cire manhajar nan ta saye da kowa ya sani, ta sa wata da ake kira Linux. Sai ga tsofaffin nan sun miƙe suna gudu. A kansu na fara buga sunana da yatsa ɗaya, ina gumi kamar mai faskare.

Ta gaya mana kyauta ce. Ni kuwa tela ne, na san ba a ba da yadi kyauta sai da dalili. A raina na ɗauka alfarma ce aka yi mata a wurin aiki, ita kuma ta yi mana.

Da aka yi mata canjin aiki zuwa Kaduna, ta miƙo mini faifan. Ta ce, "Baba, ka fi kowa natsuwa a ajin nan. Ya zauna a wurinka." Na naɗe shi a ƙyalle, na sa a ƙasan akwatina.

Ina da aboki manomin doya a garin Beji, Bagwari, wanda ganin na fara karatu ya sa shi ma ya shiga ajin garinsu. Su ma an ba su kwamfutoci, amma tasu manhajar ta lalace, ko buɗewa ba sa yi. Masu kyautar sun ce in suka dawo suka tarar ba a amfani da su, za su kwashe su kai wani gari. Wani malamin firamare a can ya ce zai iya sa musu irin tamu in an samo faifai.

Abokina ya taso takanas har shagona.

"Tela, ara mana abin nan na malama. Kwana ɗaya."

Na ce, "Amana ce."

"Amana? Cinye shi za mu yi? Kai da ke cinye yadin mutane!"

Na yi dariya, amma ban motsa ba. Na ji labarin ana kama masu kwafar faifai a kasuwa. Ina ganin in aka kwafa, sunan baiwar Allah nan za a bi, a kore ta daga aiki saboda ni. Ban ma ga abin kiranta in tambaya ba. Amana ai ba a neman izinin cin ta.

Ya ce, "Wallahi har na iya rabin baƙaƙe, in aka ɗauke kwamfutocin nan mutane za su watse." Na ce ya yi haƙuri. Na cika masa ciki da shayi da burodi, ya hau mota ya koma.

An kwashe kwamfutocin Beji. Ajin bai daɗe ba ya mutu, don yawancinsu kwaɗayin taɓa na'urar ne yake fito da su bayan wahalar gona.

Bayan shekaru malama ta zo Minna biki, ta biyo ta shagona. Na yi maza na ɗauko faifan, ko ƙwarzane babu, ina jiran yabo. Har na ba ta labarin Beji da alfahari.

Ta fara dariya, sai ta daina.

Ta ce, "Baba, ba wanda ka ba? Ko mutum ɗaya?"

Na ce ko ɗaya.

"Wayyo Baba. Waɗanda suka yi shi, don a kwafa a raba suka yi shi. Ba mai kama kowa. Na bar maka ne don na san mutane suna zuwa wurinka." Ta juya shi a hannu ta ce yanzu ma ya tsufa, an yi sababbi da yawa.

Ba ta zarge ni ba. Cewa ta yi laifinta ne da ba ta yi bayani sosai ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Na taso na san amana iri ɗaya ce, wadda ake ɓoyewa a mayar yadda aka karɓa. Sai da na tsufa na gane akwai wadda riƙonta shi ne a miƙa wa na gaba.

Muna nan da abokina, bai taɓa tayar da maganar ba. In ya shigo Minna sayar da doya yakan biyo shago, ya zauna a benci, ya zaro wayarsa ya miƙo mini.

"Malam tela, karanta mini. Yaron nan nawa na Abuja ya turo saƙo."

Ina karanta masa. Kuma duk ranar da ya kira ni malam, da ƙyar nake iya kallon fuskarsa.